Kyamararmu Ta Makance, Ashe Waya Ce Ta Saki

A gidanmu akwai wani gwangwanin biskit da ba a barin yara su taɓa. Ba kuɗi ba ne a ciki, ba kuwa takardar fili ba. Kaset ne guda tara, ƙanana, kowane ya ɗan ɗara akwatin ashana kaɗan. A cikin ɗaya akwai bikin ƙanwata. A cikin wani kuma akwai mahaifinmu zaune a gindin mangwaro, yana lissafa sunayen kakanninmu da harshenmu na gida, yana dariya yana cewa wa zai tuna da su in ba shi. Shekara biyu bayan wannan ɗauka Ubangiji ya kira shi. Muryarsa ba ta ko'ina a duniya sai a jikin wannan zare.

To, kaset ba ya magana da kansa. Abin da ke karanta shi ita ce kyamarar bidiyon da ta ɗauke shi, wadda na saya ta hannu tun ina sabon malami. A hutun Kirsimati mahaifiyarmu ta zo daga ƙauye, ta ce tana so ta ga tsohonta. Na ɗauko kyamara, na sa caja, na buɗe allon gefe. Fitila ta kama, na ji inji yana juyawa, amma allo fari fat, sai waɗansu layuka suna rawa. Ga kuma inda wahalar take: maɓallan kunna kaset na wannan kyamara a fuskar allon suke, da yatsa ake taɓa su. Allo ya makance, ba kunnawa ke nan. Rimot kuwa ya ɓace tun tuni. Tsohuwa ta ce ba kome, amma na ga fuskarta.

Na kai wa wani mai gyaran rediyo da telebijin a kasuwa. Ya jujjuya ta ya ce, "Malam, wannan ai zamaninta ya wuce, kayanta ma babu. Wayar da ke aljihunka ta fi ta ɗauka." Gaskiyarsa, ban ga laifinsa ba. Sai dai wayar aljihuna ba ta karanta kaset.

Da na komo gida ina jujjuya ta cikin ɓacin rai, sai babban yatsana ya danna jikinta daidai inda allon yake manne. Hoto ya fito tar! Na ɗaga yatsa, ya ɓace. Na sake dannawa, ya komo. Nan na gane kyamarar ba ta mutu ba, wani abu ne a ciki yake taɓawa yana saki, kamar soket ɗin bango da sai an tokare filogi da takarda kafin fanka ta juya.

Na san ba gidanmu kaɗai ke da irin wannan gwangwani ba, shi ya sa na rubuta wannan. Ni ba injiniya ba ne. Abin da zan faɗa na koyo shi ne daga littafin gyara na irin kyamarar, da wurin wani tsohon ɗalibina mai gyaran wayar hannu, da kuma kuskuren hannuna.

Abin da ke cikinta

Kyamarar da ta haɗa ɗaukar hoto da naɗa shi a kaset cikin jiki ɗaya ta fara shiga hannun jama'a a 1983, sa'ad da kamfanin Sony na Japan ya fito da Betamovie. Wannan a kafaɗa ake saɓa ta. A 1985 aka sami Handycam mai kaset na milimita 8, a 1995 kuma aka fito da ƙaramin kaset irin nawa, wanda ake kira MiniDV. Daga baya aka koma faifai da katin memori. Kowane sabon yayi ya fi na baya ƙanƙanta, har kyamara ta zama abin da tafin hannu ke rufewa.

Wannan ƙanƙanta ita ce tushen maganarmu. Cikin tsohuwar rediyo wayoyi zagayayyu ne, ja da baƙi, an liƙa su da dalma, akwai ma wurin sa yatsa. Cikin kyamara babu wannan fili. Sai aka yi dabarar waya shimfiɗaɗɗiya mai kamar tsagin ganyen kaba, wata fara, wata ruwan zuma. Masu gyaran wayar hannu suna ce mata fileks. Idan ka ɗaga fileks ga haske za ka ga layuka jere a ciki. Kowane layi waya ce ta jan ƙarfe, kaurinta bai kai na gashin kai ba, kowace kuma da aikenta: wannan ta kai wuta, wannan ta kai launi, waccan ta komo da labarin inda yatsa ya taɓa. Galibi tsakanin layi da layi rabin milimita ne, wani ma bai kai haka ba. Watau a fileks mai faɗin santimita ɗaya ana iya samun waya 20.

Yawanci ba a liƙa bakin fileks da dalma. A ƙarshensa an bar layukan tsirara, suna ƙyalli kamar haƙoran zinariya. Ana zura wannan baki cikin wani ɗan mahaɗi a jikin fanel, watau allon nan kore mai ɗauke da ƙananan kayan lantarki, sa'an nan a rufe wata 'yar sakata ta roba ta danne shi. Masu ƙira suna kiran irin wannan mahaɗi ZIF, ma'anar sunan kuwa ita ce ana shigarwa ba da ƙarfi ba. Mai karatu ya riƙe wannan ma'ana, gama za mu komo kanta.

Me ke sa shi saki? Girgiza ce ta fari. Kyamarar da ta sha hanyar ƙauye a bayan babur, ko ta taɓa faɗowa daga benci, sakatarta tana iya ɗagawa kaɗan, fileks ya zame gefe guda. Zafi da sanyi suna sa roba da ƙarfe su miƙe su tsuke. Laimar damina tana sa haƙoran su dushe, ƙurar hunturu ta shiga tsakani. Ba sai waya ta fita duka ba. Haƙori ɗaya cikin 20 ya rasa abokinsa, hoto ya lalace.

Tambaye ta kafin ka buɗe ta

Kullum ina gaya wa ɗalibaina kada su fara rubuta amsa sai sun karanta tambaya sau biyu. Haka ma a nan. Kyamara tana faɗin inda ciwonta yake, in an yi haƙuri an gwada ta daga waje.

Idan tana mutuwa gaba ɗaya da zarar an girgiza ta, fara da batir da bakin caja. Cire batir ka duba 'yan ƙarafan da yake taɓawa. In sun dushe, goge su a hankali da robar goge fensir, ka hure. Gwada ta da caja kaɗai, sa'an nan da batir kaɗai. Batir irin na litiyom da ya daɗe a ajiye yakan gaji, ya nuna cike yanzu, bayan minti biyu ya faɗi. Wanda ya kumbura kuwa kada a ƙara sa shi a caji, kada a huda shi, kada a jefa shi cikin wutar shara.

Idan tana kamawa amma allo ne ba hoto, rufe allon ka leƙa ta ƙaramin maleƙin ido, in tana da shi. Sa'an nan ka haɗa ta da telebijin da wayar nan mai kai uku, rawaya da fari da ja. Hoto ya fito a maleƙi ko a telebijin? To, idon kyamara da ƙwaƙwalwarta lafiyarsu lau, ciwon yana kan hanyar zuwa allo.

A nan akwai bambanci guda da ya kamata a lura da shi ƙwarai. In danna jikin kyamara ne ke komo da hoto, kamar tawa, alama ce mahaɗi ya saki, ana iya mai da shi. Amma in hoton yana zuwa ne sa'ad da allo ya kai wata kusurwa, ya ɓace in an ƙara buɗewa, to, yawanci fileks ɗin da ya ratsa cikin hinji ne ya tsage. Duk buɗewa da rufewa lanƙwasa shi ake yi, kowane yaro kuwa ya san yadda ake karya waya da lanƙwasawa gaba da baya. Tsagaggen fileks ba ya ɗinkuwa a gida. Sai dai a karanta lambar da ke jikinsa, ko lambar ƙirar kyamarar, a nemo sabo a canja.

Sai gwaji na uku. Kunna tsohon kaset, ko tsohon hoto na cikin memori. In tsohon yana fita da kyau, amma abin da kyamara ke kallo yanzu baƙi ne ƙirin, ko ya yi jirwaye ja-ja da shunayya kamar fenti ya tsiyaya, ciwon yana wajen ƙwayar idon, wadda a tsofaffin kyamarori ake kira CCD. Wani lokaci fileks ɗinta ne ya saki. Wani lokaci kuwa sakin yana can cikin ƙwayar kanta, inda hannun mutum ba ya kaiwa. An taɓa yin haka a duniya da yawa. A watan Oktoba 2005 kamfanin Sony ya sanar cewa waɗansu CCD da ya ƙera tsakanin Oktoba 2002 da Maris 2004 suna da aibi: siraran wayoyin cikinsu suna sakin jiki, musamman inda ake zafi da laima. Kamfanoni irin su Canon da Nikon da Fujifilm, waɗanda suka sa irin ƙwayar cikin kayansu, su ma suka yi sanarwa, aka yi ta gyarawa kyauta har wani lokaci. An daɗe da rufe wannan ƙofa. Mai irin wannan kyamara ya bar wahal da kansa da sukundireba, amma kada ya yar da ita, gama ko ba ta ɗauka tana nan tana karanta kaset.

Haka kuma tsofaffin kyamarori masu kaset na milimita 8, na ƙarshen shekarun 1980 da farkon na 1990. In ka kai hanci ka ji ƙarni kamar na kifi, ƙananan kwandansa ne suka yi yoyo a kan fanel, ruwan yana cin layukan. Su ma suna sa hoto ya zo ya ɗauke, har yakan gyaru in kyamara ta ɗumama, amma maganinsu a canja su da yawa. Aikin gwani ne.

Ceci kaset tukuna

Da na gaya wa tsohon ɗalibin nan nawa zan buɗe kyamara, sai ya ce, "Malam, kafin ka kwance noti ko ɗaya, kwashe abin da ke cikin kaset tun tana ɗan gani. Kyamara in ta lalace ƙarfe ne da roba. Muryar Baba fa?" Yaron da na sha yi wa faɗa kan lissafi, ran nan shi ya karantar da ni.

Hanya mafi kyau ga kaset na MiniDV ita ce wata waya mai suna FireWire, wadda waɗansu kamfanoni ke kira i.LINK. Tana kwashe hoton zuwa kwamfuta yadda yake, ba ragi. Kwamfutar ce kuma ke ba kyamara umarnin kunnawa da tsayawa, saboda haka ko allo ya mutu aiki zai yiwu. Kaset na minti 60 yana cin wajen gigabait 13, yana kuma ɗaukar minti 60 ɗinsa cif, ba a hanzarta shi. Abin damuwa shi ne kwamfutocin yanzu ba sa zuwa da wannan rami, sai tsohuwa, ko ta tebur da aka ƙara wa kati. In ka samu, kashe kyamara da kwamfuta kafin ka soka wayar, kada kuma ka tilasta ta a juye, gama ramin yana ƙonewa da sauƙi.

Ni ban samu ba. Na yi amfani da wayar nan mai kai uku da wata 'yar na'ura mai shiga ramin USB. Hoton ya ɗan dushe, amma murya ta fita sarai. Na ɗaure jikin kyamara da tsagin robar keke, na sa ɗan dunƙulen takarda daidai inda yatsa ke dannawa. Kaset ɗin Baba na fara kwashewa. Na gama uku, a na huɗu allo ya yi fari, dannawa ma ta daina aiki. Watakila ɗaurin nan nawa ne ya ƙarasa zame wayar. Saura kaset shida, ba sauran dabara sai buɗewa.

Shiri ya fi aikin yawa

Akwai kyamarar da ba naka ne ka buɗe ba. Sabuwa mai takardar garanti, mai da ita inda ka saya, gama da ka kwance noti garanti ya tashi. Ta aro, ko ta makaranta, ko ta ikilisiya, sai da izinin masu ita, su kuma san tana iya ƙin tashi bayan an rufe.

Fitar da kaset tun tana da wuta, domin in ka cire batir ƙofar kaset ba za ta buɗu ba. Sa'an nan cire memori, da batir, da caja.

Yanzu ga haɗari biyu, ɗaya gare ka, ɗaya gare ta. Batirin irin waɗannan kyamarori ƙarfinsa wajen bolt 7 ne, ba ya jan mutum. Amma in kyamarar tana da fitilar walƙiya ta ɗaukar hoto, akwai wata kwandansa a ciki, mai kamar guntun ƙaramin batir, da ke tara wuta wajen bolt 300, tana kuma riƙe ta ko bayan an cire batir. Tana iya ƙona yatsa, ta sa ka zabura ka yi jifa da kyamara. Bar kyamarar ta kwana ba batir, duk da haka kada yatsa ko ƙarfe ya kusanci ƙafafun kwandansar nan ko wayoyin fitilar.

Haɗarin da ke gare ta kuwa daga jikinka yake fitowa. Ka tuna ƙarar nan ƙas-ƙas da kake ji in ka tuɓe rigar nailan da dare cikin hunturu, har ka ga tartsatsi? Wuta ce da jiki ke tarawa in iska ta bushe. Mutum ba ya jin ta sai ta kai wajen bolt 3,000, amma abin da bai kai bolt 100 ba yana iya kashe ƙananan kayan da ke kan fanel, ba ƙara, ba hayaƙi. Ni kuwa a tsakiyar hunturu aikin ya same ni. Na sa rigar auduga, na tsaya ba takalmi a kan siminti, na kau da tabarmar roba, ina taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa cikin kyamara. Akwai wata ɗamara ta hannu da masu gyara ke ɗaurawa domin wannan, in ka samu ta fi.

Kayan aiki ba su da yawa. Sukundireba ƙarama mai bakin gicciye, lamba 0 da 00. A nan kada ka yi rowa. Notunan kayan Japan galibi ƙirar JIS ne, waɗansu da ɗan ɗigo a ka, kuma sukundireba ta gama-gari takan zame a kansu ta cinye bakin noti. Noti ɗaya ya cinye, aiki ya tsaya. Sai hantsaki, da tsinken sakace, da tsohon katin roba irin wanda ake ɓalle layin waya daga jikinsa, da gilashin ƙara girma, da audugar kunne, da sifirit mai suna aisofrofil, mai ƙarfin kashi 90 cikin 100 ko fiye, wanda masu gyaran waya ke amfani da shi.

Sai kwali da biro. Zana siffar kyamara a kwali, gaba da baya da ƙasa, duk notin da ka cire ka manna shi da salatif daidai wurinsa a zanen. Notunan suna kama da juna amma tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo kuwa in ya shiga ramin gajere yana iya huda fanel. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki, kada ka dogara ga tunaninka. Shimfiɗa farin zane na auduga a tebur, ka kashe fanka. Ƙananan yara a fitar da su, gama waɗansu kyamarori suna da ɗan batir mai kamar maɓallin riga, wanda in yaro ya haɗiye yana iya ƙona maƙoshinsa cikin awa biyu.

Ranar buɗewa

Ran Asabar da safe muka zauna kusa da taga, ɗana na fari yana riƙe da tocila da waya. Notuna goma sha ɗaya na kwance kafin murfin gefen allo ya motsa. Waɗansu a ɓoye suke, ƙarƙashin mazaunin batir, da cikin ƙofar kaset, da bayan maɗaurin hannu. In murfi ya ƙi tashi, kada ka yi kokawa da shi, akwai notin da ba ka gani ba. Bayan notuna akwai ƙananan ƙugiyoyi na roba. Zura katin roba a tsaga ka bi da shi a hankali. Wuƙa tana karya su.

Da murfi ya saki, kada ka fizge shi. Ɗaga shi faɗin yatsa ɗaya ka leƙa da tocila, gama fileks yana haɗe da ɓangarorin biyu, gajere ne kuwa. Buɗe shi kamar littafi, ta gefen da wayoyin suke. In ka hango wani ganga mai sheƙi a wajen mazaunin kaset, bar shi. Shi ke ɗauke da kawunan da ke karanta zare, yana juyawa sau 9,000 a minti ɗaya, layin da yake karantawa kuwa faɗinsa kashi ɗaya ne cikin 100 na milimita. Yatsa ko zaren auduga ya isa ya ɓata shi.

Yaron ne ya fara gani. Ya ce, "Baba, duba wannan, a karkace take." Fileks ɗin da ya fito daga hinji ya shiga mahaɗinsa a gicce, gefe ɗaya a ciki, ɗayan kuwa haƙoran suna leƙowa, sakatar ta ɗaga rabi. Abin da ya hana tsohuwa ganin mijinta ke nan, zamewar da ba ta kai kaurin farce ba.

Sakatar iri biyu ce. Wata ɗagawa ake yi sama kamar murfin akwati. Wata kuwa jawowa ake yi waje kamar aljihun tebur, milimita ɗaya ko biyu kawai, a kama kunnuwanta biyu tare. Yawanci launinta daban ne da na jikin mahaɗin, baƙa ko ruwan ƙasa a kan fari. Duba da gilashi har ka tabbata wace iri ce, sa'an nan ka taɓa ta da farce ko tsinke. Tawa mai ɗagawa ce. Na ɗaga, fileks ya fito ba gardama.

Na ɗan jiƙa audugar kunne da sifirit, na matse ta, na shafi haƙoran bisa tsawonsu zuwa baki, na bari ya bushe minti biyar. Kada a sa fetur, ko kananzir, ko man birki, ko yawu. Kada a kankare da reza ko sanfefa. Ruwan zinariyar da ke kansu fatar sama ce kawai, in ta tafi ta tafi. Na duba layukan da gilashi ko akwai tsaga, ban gani ba. Sa'an nan na kama fileks ta inda bakinsa yake da ɗan tauri, haƙoran suna fuskantar inda hoton wayata ya nuna, na zura shi miƙe har ya tsaya. Fileks da yawa suna da layi a gicce da ke nuna iyakar shiga; layin ya zama daidai da bakin mahaɗi, kada gefe ya fi gefe. Na kwantar da sakata. In ka ji kana bukatar ƙarfi, tsaya, wani abu ba daidai ba ne. Ma'anar sunan ke nan.

Da a nan na tsaya, da na yi barci da alfahari. Amma na ga wani ƙaramin mahaɗi a kusa, na lasifika, na ce bari in goge shi shi ma tun da na riga na shigo. Na ɗauka mai ɗagawa ne, ashe mai jawowa ne. Na ji ƙas, guntun sakata ya yi tsalle ya faɗi kan zane. Yaron bai ce kome ba, wannan ma ya fi faɗa zafi. Washegari da yamma ɗalibina ya yanko wani ɗan siririn roba ya cusa a bayan fileks ɗin, watau gefen da ba haƙora, domin ya danne shi, ya rufe da salatif ruwan zuma mai jure zafi. Yana aiki har yanzu, amma faci ne. Ya kuma gargaɗe ni kada in kuskura in ɗiga sufagulu a wurin: yana kwarara cikin haƙora ya raba su, tururinsa kuma yana barin farin hazo a kan gilashin ido.

Wata irin saki da za ka iya tararwa ita ce ta ramin caja, inda dalmar da ta riƙe ƙafafunsa a fanel ta tsage zobe saboda yawan soka da zarewa. Da gilashi ana ganin zoben. Maganinsa a sake narka dalmar, amma ƙarfen narkawa irin na kasuwa mai kaurin baki ya yi wa wurin girma. Har wa yau, tun daga Yuli 2006 dokar Tarayyar Turai ta sa masu ƙira suka koma ga abin liƙi marar dalma, wanda kuza ce mafi yawansa. Yana narkewa wajen digiri 217, na dā kuwa 183. Ƙarin zafin nan a hannun wanda bai saba ba yana ɗaye layin fanel. Ka gano ciwon, ka kai wa mai gyaran waya ka nuna masa wurin da tsinke. Aikin minti kaɗan ne gare shi.

Kafin ka ɗaure duka notuna, mai da murfi, sa biyu ko uku, ka gwada. Kada daɗai ka zura fileks ko ka zare shi da batir a jiki. Na sa batir, na murɗa makunni. Allo ya yi shuɗi, sa'an nan ga fuskar ɗana a ciki, baki buɗe. Kyamara ta nemi a sa mata kwanan wata, wannan ba ciwo ba ne, ɗan batirin agogonta ne ya huce. Na buɗe allo na rufe sau da dama, na ƙwanƙwasa jikinta, hoto bai motsa ba.

Wajen rufewa ka tabbata ba wayar da murfi ya matse. Notin da ke shiga roba, fara juya shi baya har ka ji ya ɗan faɗa cikin tsohuwar hanyarsa, sa'an nan ka ɗaure. In ya tsaya, ka tsaya.

Sauran kaset shida sun ci mini maraice shida. Na ajiye kwafi a kwamfuta, wani a memori a gidan ƙanena, na kuma aika wa 'yan'uwa. Kaset na takwas ba a rubuta kome a bayansa ba. Da na kunna, sai ga gindin mangwaron nan. Ashe kaset na fari ya ƙare Baba yana tsakiyar lissafi, na sa wani, na manta shekara da shekaru.

Da Ista tsohuwa ta komo, muka haɗa mata a telebijin. Ta zauna shiru har ya gama lissafin kakanni. Sai ta ce, "Kai, mai da shi baya." Na mayar. Ta sake saurara, tana ƙirgawa da yatsu. Ta ce, "Ya tsallake ɗaya, ƙanen kakansa da ya tafi haƙar kuza bai komo ba." Ta faɗi sunan, jikanta ya ɗauko biro ya rubuta a bayan kaset.